Sidi-rom ɗin da na sawo ya ƙi shiga laftof ɗina: bakin ne, kaurin ne, ko me?

Tambaya daga Gusau: "Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da ɗora bidiyo a faifai nan Tudun Wada. Tsohuwar Toshiba Satellite ɗina ta zamanin Windows Vista, sidi-rom ɗinta CD kaɗai yake bugawa, DVD sai dai ya karanta. Na sawo na wata HP ProBook 4530s da ta mutu, mai buga DVD, amma ya ƙiya shiga. Bakin tsohon dogo ne guda, na sabon ya rabu biyu. Akwai adafta? Ina kuma da HP EliteBook 8470p, ina tunanin sa mata Blu-ray ko had-disik na biyu. Mi ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, kada ka sake danna shi da ƙarfi. Yadda ka siffanta bakunan nan biyu ya riga ya ba da amsa: na Toshiba PATA ne, na ProBook SATA ne, kuma ko kwana aka yi ana turawa ba za su haɗu ba. Abin da turawar za ta jawo shi ne soket ɗin da ke jikin madabod, wato babban allon cikin laftof, ya karye, gyaran da noti ɗaya ya isar masa ya koma hannun mai dalma. Kuɗinka dai bai faɗi ba, domin wanda ka sawo yana da amfani har ta hanya biyu.

A kasuwa duk abin da ke cin faifai sidi-rom ake ce masa, ko na CD ne, ko na DVD, ko Blu-ray, shi ya sa mai kaya zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Bakin dā shi ne PATA, wanda wasu ke kira IDE ko ATAPI. Guda ne, siriri, mai haƙora 50 a jere biyu, ƙanana ƙwarai ta yadda sai ka kawo shi kusa da ido za ka iya ƙirga su. Wuta da bayanai, har da sautin CD, duk ta nan suke bi. Bakin da ya gaje shi shi ne siririn SATA, mai haƙora 13 da aka raba gida biyu: 7 na bayanai, 6 na wuta, kowane ɓangare da ɗan lanƙwasa a gefe kamar harafin L don kada a soka shi a juye.

Shi ma wannan SATA ɗin kada a rikita shi da na had-disik. Na had-disik haƙora 22 ne, 7 da 15. Ɓangaren bayanan iri ɗaya ne, amma na wutar sidi-rom ya fi ƙanƙanta saboda bolt 5 kawai yake sha. Wannan ne dalilin da ya sa had-disik ba ya hawa ramin sidi-rom kai tsaye sai da kadi, wato gidan da ake zura shi ciki mai siffar sidi-rom, kuma wayar USB da ake karanta had-disik da ita ba ta hawa sidi-rom.

Canjin ya faru ne wajajen 2008. Cif ɗin Intel na laftof mai suna ICH8M, na 2007, yana da hanyar PATA guda ɗaya, kuma sidi-rom ake ɗorawa a kanta. Wanda ya biyo shi a 2008, ICH9M, ba shi da ita sam. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami: laftof ta 2006 ko 2007 had-disik ɗinta SATA ne, sai mutum ya ɗauka sidi-rom ɗin ma haka yake, alhali shi PATA ne. Laftof mai Core i3, i5 ko i7 in tana da sidi-rom, SATA ne ba tantama. Mai Pentium M, PATA ne. Masu Core 2 Duo su ne na tsaka-tsaki, kuma a cikinsu akan samu suna ɗaya a murfi amma cikin ya bambanta. Irin waɗannan sunan laftof ba ya raba gardama. Zaro tsohon, ka juya bayansa. Gani ya kori ji.

Batun adafta: a cikin ramin laftof, babu. Ba siffar baki kaɗai ta bambanta ba, yaren ma daban ne. PATA yana tura bayanai ta layuka 16 a lokaci guda, SATA kuwa yana jera su ɗaya bayan ɗaya ta wayoyi biyu masu tafiya da biyu masu dawowa. Kafin su fahimci juna sai an sa cif mai fassara a tsakani, cif ɗin kuma sai da ɗan allon da zai zauna a kai. Sidi-rom ya cika raminsa daga baki har ƙarshe, babu ko rabin santimita a bayansa da allon zai shiga. Adaftocin da za ka gani a hotuna na kwamfutar tebur ne, inda fili yake a wadace.

Saboda haka hanya biyu ce ta rage wa Toshiba.

Ta farko, ka nemo mai buga DVD amma mai bakin PATA, mai kaurin milimita 12.7. Lambar da ke jikin takardar sidi-rom ita ce abin nema, ba sunan laftof ɗin da aka ciro shi ba, domin kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera su su sayar wa HP da Dell da Toshiba da saura. A na Toshiba-Samsung, TS-L632 PATA ne, TS-L633 SATA ne, lamba ɗaya tak ta raba su. A na Sony Optiarc harafin ƙarshe ne alama: AD-7560A PATA, AD-7560S SATA. A na Hitachi-LG, GSA-T20N PATA ne, GSA-T50N SATA ne. A na Panasonic, wanda Windows ke nunawa da sunan MATSHITA, UJ-850 da UJ-870 PATA ne. In kana son ganin lambar naka ba tare da ka kwance komai ba, buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin DVD/CD-ROM drives.

Sai dai PATA yana da wani tarko da ido ba ya gani, kuma Toshiba ta yi suna a kansa. A tsarin PATA, na'urori biyu na iya raba hanya ɗaya, ɗaya ta zama masta, ɗaya silef. A kwamfutar tebur ɗan toshe ake matsarwa a bayan na'urar a zaɓi matsayinta. A laftof babu wannan toshen. Matsayin yana rubuce ne a 'yar manhajar da ke zaune cikin sidi-rom ɗin kansa, wadda ake kira famwaya. Wani an kafe shi a masta, wani a silef, wani kuma an bar shi ya saurari haƙori na 47: in laftof ta haɗa wannan haƙorin da ƙasa, wato layin da ba shi da wuta, ya zama masta, in ta bar shi a sake ya zama silef. Akwai kuma waɗanda aka juya musu wannan ƙa'idar baibai. Sakamakon shi ne ka samu sidi-rom lafiyayye, baki ya hau daidai, fitila ta kama, tire na fita yana komawa, amma BIOS, manhajar da ke duba na'urori lokacin tashin kwamfuta, bai gan shi ba. A Toshiba yakan rubuta IDE #1 ERROR a baƙin allo lokacin tashi. A wasu laftof ɗin da suka ɗora had-disik da sidi-rom a hanya ɗaya, abin ya fi muni: duka biyun su ɓace, kwamfuta ta ƙi tashi, mutum ya zaci ya kashe ta. Bai kashe ta ba, da ya zare sidi-rom ɗin za ta dawo.

Masu gyara suna da magani biyu a nan. Ɗaya shi ne a haɗa haƙori na 47 da na 45, wanda yake na ƙasa ne, da ɗigon dalma ko zaren waya guda, don a tilasta wa sidi-rom ɗin zama masta. Yana aiki ne kawai ga wanda ke sauraron haƙorin, ba wanda aka kafe ba. Kuma haƙoran wuta na bolt 5, na 38 zuwa 42, suna nan kusa, dalma ta ɗan zarce sai a ji ƙauri. Na biyun shi ne a sake wa sidi-rom famwaya, wanda in aka ɗauke wuta ana tsakiyar yi, ko aka ɗora wadda ba tasa ba, ya zama ƙarfen awo. Ni ban ba mai shago shawarar ko ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne a nemo wanda aka ciro daga wata Toshiba ta wannan zamanin, ko a je da laftof ɗin a gwada a gaban mai kaya kafin a biya. SATA ba shi da wannan rigimar kwata-kwata, kowace na'ura da hanyarta.

Hanya ta biyu ita ce na fi so maka. Sayi gidan USB na sidi-rom, wanda aka rubuta masa siririn SATA da 12.7, ka zura na ProBook a ciki, ka soka wa Toshiba ta waje. Ba ka yi asarar gudu ba: siririn sidi-rom iyakarsa 8x a DVD, wato kusan megabayit 11 a daƙiƙa, USB 2.0 kuwa tana ɗaukar kusan 30. Inda matsala take ita ce wuta. Duba takardar jikin sidi-rom, za ka ga yawanci an rubuta bolt 5 da amfiya wajen 1.5. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida rabin amfiya yake bayarwa, USB 3.0 kuma 0.9. Karatu yakan tafi a haka, amma lokacin bugu, da injin juyawa da leza suka ja wuta tare, sai ka ji faifai ya tashi ya faɗi, ya sake tashi, daga nan bugu ya lalace a tsakiya. Maganinsa waya mai kai biyu, a soka duka biyun a jikin laftof ɗin kai tsaye, ba ta na'urar raba USB mai ramuka da yawa ba. Wayar ta zama gajera mai kauri. Ƙarin riba shi ne duk kwamfutar da ta shigo shagon za ta iya amfani da shi, har sababbin da ba su da ramin faifai. Ga kuma lissafin shekaru: sidi-rom na PATA duk wanda za ka samu yau ya haura shekara goma sha biyar, kuma leza tana tsufa da aiki.

Yanzu EliteBook 8470p. Raminta SATA ne mai milimita 12.7, daidai da na ProBook 4530s, don haka in nata ya gaji, wanda ka sawo zai zauna a gurbinsa bayan an sauya fuska da ƙarfen baya. A nan ya kamata a tsaya kan kauri, domin bayan baki shi ne abin da ya fi mayar da kaya kasuwa.

Kauri uku ne ke yawo: 12.7, da 9.5, da 9.0. Na 12.7, wato rabin inci, shi ne a manyan laftof na dā irin su EliteBook 8440p, 8460p, 8470p, da ProBook 4530s da 4540s, da ThinkPad T420 da T430. Na 9.5 yana cikin ThinkPad T400 da T410 da T420s, da Dell Latitude E6420 da E6430. Ka lura T420 da T420s harafi ɗaya ya raba su amma kaurinsu daban. Na 9.0 ya yawaita a siraran laftof masu inci 15 na shekarun baya-bayan nan kafin a daina sa sidi-rom gaba ɗaya. In za ka auna, auna jikin ƙarfen, ban da fuskar roba, domin fuskar takan fi jikin tsayi ta ruɗe ka. Rular makaranta ta isa ta raba 12.7 da 9.5, amma ba za ta raba 9.5 da 9.0 ba, wannan sai lamba. A na Hitachi-LG, masu farawa da GT irin su GT30N da GT50N na 12.7 ne, masu farawa da GU irin su GU70N da GU90N sirara ne. A na Toshiba-Samsung, SN-208 mai kauri ne, SU-208 siriri.

Mai kauri ba ya shiga ramin siriri, wannan a fili yake. Siriri a ramin mai kauri sau da yawa bakin yakan hau, amma ya bar giɓin sama da milimita 3, fuskar asali ba za ta kama shi ba, ramukan noti ma ba lallai su dace ba. A garin da hunturu ke cika ɗaki da ƙura cikin yini ɗaya, wannan giɓin ƙofa ce ka buɗe wa ƙura zuwa idon leza da fankar laftof. Na 9.5 a ramin 9.0 shi ne mafi cuta, domin yakan shiga da ƙyar, mutum ya ji daɗi, sannan jikin laftof ya matse shi tire ya riƙa gogar faifai yana zana masa zobe.

Ga yadda ake sauyawar. Tun kwamfuta na kunne ka danna maɓalli tire ya ɗan fito, don ka samu abin kamawa. In ka manta, akwai ɗan rami kamar na allura a fuskar, miƙe ƙarfen maƙale takarda ka soka a hankali, tire zai saki. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba barci ba. A Windows 10 riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down, in ba haka ba rabin kashewa take yi. Zare caja, cire batir, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don sauran wuta ta fita. Sannan ka taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka taɓa cikin laftof. Wannan ba camfi ba ne: a busasshiyar iskar hunturu, tartsatsin da kake ji in ka cire rigar sanyi ya isa ya kashe cif, musamman in kan darduma ko kafet kake aiki.

A yawancin laftof noti ɗaya ne ke riƙe da sidi-rom, a ƙasa, kusa da tsakiya, wani lokaci da ɗan zanen faifai a gefensa. A 8470p sai ka zame sakata ka ɗauke murfin ƙasa, ka sassauta notin, ka tura ɗan kunnen ƙarfen da ke wajen da bakin sukudireba, sidi-rom zai leƙo. ThinkPad da Latitude na zamanin suna da sakatarsu ta waje. Wasu ƙananan laftof kuma notin yana ƙarƙashin allon rubutu. In ka ja ka ji ya ƙi, akwai notin da ba ka gani ba, kada ka yi kokawa da shi.

Da ya fito, ajiye tsoho da sabo gefe da gefe, fuska ɗaya. Za ka ga ɗan ƙarfe a bayan tsohon, riƙe da ƙananan notuna biyu, yawanci M2 masu tsawon milimita 3. Wannan ƙarfen na laftof ne, ba na sidi-rom ba, kuma kowane samfuri da siffar nasa. Ɗauki hotonsa da waya kafin ka kwance, domin ana iya ɗaura shi a juye, in aka yi haka ramin notin ƙasa ba zai dace ba. Ka mayar da notunansa na asali. Noti mai tsawon milimita 5 a gurbin mai 3 yakan huda ciki ya tokare tire, ko ya taɓa allon na'urar, kuma wannan kuskuren ya kashe sidi-rom da yawa da aka ɗora wa laifin lalacewa tun daga kasuwa. Wasu tsofaffin laftof, irin Dell Latitude D620 da D630, sidi-rom ɗinsu yana cikin riga ta roba mai nata bakin daban. In ka ga baki da bai yi kama da PATA ko SATA ba, to riga ce ko ɗan allo da aka ɗaura a baya, kwance shi za ka tarar da bakin da ka sani a ƙarƙashi, sai ka mayar da shi kan sabon.

Fuska ita ce ke cin haƙuri. Roba ce mai 'yan ƙugiyoyi uku ko huɗu da suka kama gaban tire. Buɗe tiren gaba ɗaya, kifar da sidi-rom, ka fara da ƙugiyar gefe ɗaya da farce ko siririn sukudireba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Robar da ta sha zafin Maris da Afrilu shekara da shekaru takan bushe, da ka lanƙwasa ta ta ɓalle. Yatsanka kuma kada ya taɓa idon leza da ke tsakiyar tiren. Yawancin masu SATA suna bin ƙa'idar ƙugiya ɗaya da ake kira GBAS, don haka fuskar EliteBook za ta hau na ProBook. Bayan ta hau, tabbatar da abu uku sun dace: maɓallin fitarwa yana danna ɗan makunnin da ke ciki har ka ji ƙas, ramin allura yana kan nasa, fitila tana kan tagarta. A tsofaffin PATA ƙugiyoyin ba koyaushe suke dacewa ba. In haka ta faru, bar sabon da fuskarsa in dai tire na rufuwa, muni ne kawai. Kada a liƙa da sufa-gulu, yana gangarawa cikin layin tire ya ƙame shi.

Masu haɗiye faifai ba tare da tire ba, kamar na MacBook Pro na 2009 zuwa 2012, wani gida ne daban. Bakinsu SATA ne, kaurinsu 9.5, amma ba su da wurin kama fuska irin ta tire, don haka ba a musanya su da masu tire.

Zura sabon a miƙe har fuska ta yi daidai da jikin laftof, ɗaure noti, mayar da batir. Shiga BIOS tukuna, F10 a HP, F2 a Toshiba da Dell, F1 a ThinkPad. In BIOS ya gan shi, aikin ƙarfe ya ƙare, duk abin da ya biyo baya na Windows ne. In bai gan shi ba, ko bai zauna sosai ba, ko an kashe ramin a saitin BIOS, wanda akan tarar a kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu. A siraran laftof na baya-bayan nan akwai wani dalilin: soket ɗin ba a jikin madabod yake ba, yana kan ɗan allo ne da siririyar waya mai faɗi ta haɗa da madabod. Waɗanda aka sayar da roba a toshe a ramin, wasunsu ba a sa musu wannan allon ba tun daga kamfani. Zaro robar ka haska tocila ciki kafin ka sayi komai.

In BIOS ya gani amma Windows ta sa masa alamar rawaya da Code 19 ko Code 39, yawanci ragowar tsohuwar manhajar buga faifai ce ta tsaya a hanya. Ana gyara shi a regedit, manhajar gyara kundin saitin Windows, ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, CurrentControlSet, Control, Class, a maɓallin da ya fara da 4D36E965-E325-11CE, a goge UpperFilters da LowerFilters, a sake kunna kwamfuta. A tabbatar da lambar kafin a goge, domin maƙwabtanta na allon rubutu da had-disik ne kuma lambobinsu sun yi kama. Wani abin da ake ɗauka lalacewa ce alhali ba ita ba ce: tun daga Windows 8 aka daina sa manhajar kallon fim ɗin DVD a ciki. Faifai ya buɗe amma fim bai tashi ba, sa manhajar kallo ta VLC.

Gwaji kuma ba fitar tire ba ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A cikin sidi-rom leza biyu ce, ta CD mai tsawon zango nanomita 780 da ta DVD mai 650, kuma ɗaya na iya mutuwa ta bar ɗaya. Saboda haka gwada CD, gwada DVD, sannan ka buga DVD-R cikakke, gigabayit 4 da ɗoriya, ka sa manhajar ta tantance bayan bugu, ImgBurn tana da wannan. Gajiyayyar leza takan buga farkon faifai lafiya ta gaza a bakin gefe, inda faifan ya fi gudu, shi ya sa gwajin ƙaramin fayil ba ya nuna komai. Don faifan kwastoma, bidiyon biki ne ko kundin ɗalibi da zai miƙa wa makaranta, buga a 4x, da caja a jiki da batir mai rai a ciki, yadda in NEPA ta ɗauke ko janareta ya yi tari bugun ba zai yanke ba. DVD-R ya fi DVD+R jituwa da tsofaffin na'urorin kallo na gida, kuma a rufe faifan a ƙarshen bugu. Sidi-rom ɗin da ya fara tsallake karatu, kafin a yanke masa hukunci a goge idonsa da auduga mai tsinke da aka ɗan jiƙa da sinadarin isofurofil, shafa ɗaya mara nauyi. Ban da fetur, ban da turare, ban da yawu.

In daga Kano ko Ikeja za a saka maka shi a mota, kada ka yi cinikin biri a sama. A turo maka hoton takardar lamba, da hoton baki, da ɗan bidiyon yana buga DVD har ya gama. Batun lambar yanki, wadda ke hana faifan fim na wani yankin duniya tashi a sidi-rom na wani yankin, ba zai dame ka sosai ba. Najeriya tana yanki na 5 a DVD, na hannu daga Amurka yakan zo a na 1, daga Ingila a na 2, kuma sau biyar kaɗai ake iya sauyawa kafin ya kulle. Faifan da kake bugawa a shago ba su da wannan lambar.

Blu-ray zai shiga EliteBook, Panasonic UJ-240 da UJ-260 duk masu bugu ne, SATA, 12.7. Faifai ɗaya na ɗaukar gigabayit 25, mai hawa biyu 50, a kan 4.7 na DVD. Amma ka tambayi kanka kwastoma nawa ne ke da abin da za su kalle shi a gida, da kuma inda za ka riƙa samun faifan da ba a buga ba. Wanda bidiyonsa ya fi ƙarfin DVD, filash yake kawowa. Ban ga ribarsa a shago irin naka ba.

Had-disik na biyu ya fi ma'ana, musamman tunda mai buga DVD zai koma gidan USB ya yi wa kwamfutocin biyu aiki. Abin saye shi ne kadi mai siffar sidi-rom, na SATA, 12.7. Yana ɗaukar had-disik ɗin laftof mai inci 2.5, mai kaurin 7 ko 9.5. Ƙarfen baya da fuska ana mayar da su kansa kamar yadda aka yi wa sidi-rom. In za ka sayi SSD, wato ma'adanar da ba ta juyawa kuma ta fi had-disik sauri, shi ya zauna a gurbin asali da Windows a kansa, tsohon had-disik ya koma kadi ya riƙe bidiyo. Dalili shi ne cif ɗin Intel na wannan zamanin ramuka biyu kaɗai yake da su masu gudun gigabit 6, sauran na 3 ne, kuma a laftof da yawa ramin sidi-rom yana kan mai 3. Had-disik mai juyawa ba ya ko cika wannan, SSD kuwa zai taƙure. Ka sani ramin sidi-rom ba shi da iskar fanka kuma ba shi da robar rage girgiza, don haka kada a ɗaga laftof ana tsakiyar kwafi.

Kadi da yawa suna da ɗan makunni ƙarami kusa da baki, mai matsayi biyu ko uku. Yana sauya yadda ake haɗa haƙori na huɗu a ɓangaren wuta, wanda wasu laftof ke sauraro don sanin ko an danna maɓallin tire. In bayan sa kadi kwamfuta ta ƙi mutuwa in an kashe ta, ko ta ƙi barci, ko fanka ta riƙa gudu ba a aikin komai, to ba had-disik ba ne kuma ba Windows ba ce. Kashe ta, zaro kadin, matsar da makunnin zuwa matsayi na gaba da bakin allura, ka mayar. In naka ba shi da makunni kuma yana haka, sai a canza kadin da mai makunni.